Yadda na koya wa wayata tattalin caji ba sai na tuna mata ba

A watan Oktoban 2024, lokacin duhun nan da ya lulluɓe Kano da maƙwabtan jihohi sama da mako guda, wata rana ina tsaye a cikin Kantin Kwari da turmin atamfa shida a leda, ina jiran wata kwastoma ta turo kuɗi in sallami mai shago. Na duba waya, saura kashi 4. Na rage haske, na rufe ta, na rungume ta kamar mai lallashin jariri. Kafin alat ya shigo ta ɗauke ɗif. Mai shagon ya ba ni aron caja, amma ba a tayar da injin layinsu ba sai bayan la'asar. Haka na zauna a benci ina kallon 'yan dako suna wucewa, kuɗina na cikin asusu, ni kuwa ba ni da hanyar taɓa shi.

Sana'ata ke nan. Ina zaune a Sheka, ina saro atamfa da leshi da mayafai a Kwari, in ɗauki hoto in ɗora a sitatus, mai so ta yi magana, ta turo kuɗi, in ba ɗan Adaidaita ya kai mata. Ba ni da shago. Wayar ce shagon, ita ce akwatin kuɗin, ita ce littafin bashin. Don haka da "ki" zan yi magana, 'yan'uwana masu irin sana'ata nake gani a raina. Maza ku yi haƙuri ku tsinci naku a ciki, wurin dannawa duk ɗaya ne.

Washegari na wuce Farm Center wurin ƙanin maigidana da ke gyaran waya, na ce ya canja min batir. Ya karɓa, ya shiga nan ya fita can, ya ɗago ya ce, "Matar Yaya, batirin nan lafiyarsa ƙalau. Mai wayar ce ke da mantuwa." Na ce Injiniya ka iya bakinka, tuwon darenka a hannuna yake. Amma dai gaskiya ya faɗa. Na san akwai wurin da ake taɓawa waya ta rage shan caji, sai dai ba na tunawa da shi sai ta fara kuka. Abin da ya nuna min ranar, da wanda na ƙara tonowa da kaina a wayoyin gidanmu, shi ne yadda ake ɗora wa wayar wannan aikin tunawar.

Tsarin tattalin caji ba sabon abu ba ne. Android ta zo da shi tun 2014, iPhone ta biyo baya a 2015. Idan ya kunnu yakan rage hasken fuskar waya, ya rage gudun injinta, ya hana manhajoji leƙa intanet a ɓoye lokacin da ba ki buɗe su ba. Matsalar ita ce lokacin da wayar ke tuna miki da shi, wato kashi 20 ko 15. Wanda ya zaɓi wannan adadin a kamfani, mutum ne da soket ke jiransa a mota da ofis da gefen gado, kuma wutar garinsu ba ta ƙiftawa. Shi kashi 20 na nufin ya miƙa hannu ya jona. Mu nan kashi 20 da azahar na nufin waya ta mutu kafin magariba, wuta kuma sai tsakar dare in an yi sa'a. Ihu ne bayan hari. Matar da ke son garin tuwo ya kai ta ƙarshen wata, tun buhu na da nauyi take fara aunawa da gwangwani, ba sai ta kai ga kakkaɓe ba.

To kafin ki taɓa komai, ki yi wa kanki lissafi ɗaya: daga lokacin da kike zare caja zuwa lokacin da kike da tabbacin sake jonawa, awa nawa ne? Ni daga shidan safe ne zuwa taran dare, lokacin da maigidan ke tayar da ƙaramin inji na awa biyu. Awa 15 ke nan. Wutar gari ba na sa ta a lissafi, in ta zo kyauta ce. Sannan ki shiga saitin waya, wurin batir, ki duba jerin abubuwan da suka sha cajin jiya. Sunayen wuraren zan rubuta su yadda suke a wayar, da Turanci, domin in na fassara ba za ki same su ba. Kuma kowace waya da inda take ɓoye nata, saboda haka ki riƙa amfani da gurbin bincike da ke saman saiti, ki rubuta sunan ya kai ki kai tsaye. Ni da na duba nawa, hasken fuskar waya ne a gaba, sai WhatsApp, wanda ban yi mamaki ba, sai TikTok da nake rantsuwa minti biyar kawai nake yi a ciki. Facebook kuwa ko buɗe shi ban yi ba ranar, amma ga shi a jerin ya ci rabonsa.

Mafi sauƙin hanya tana wayoyin da Android ɗinsu bai sha kwaskwarima da yawa ba, irin su Pixel da Nokia da Motorola. Ki shiga "Battery Saver", ki nemi wurin tsara lokaci, ki zaɓi ya kunnu bisa yawan cajin da ya rage, sai ki ja layin ya bar 15 ko 20. Yana kaiwa har 75. Akwai kuma maɓallin da ke kashe shi da kansa idan caji ya kai 90. Shi ke nan, minti ɗaya.

Tawa Samsung ce, Galaxy A34 ta hannu, batirinta 5,000 mAh. A nan ne na fi daɗewa, domin Samsung tana da wani abu da masu wayar da yawa ba su taɓa buɗewa ba, "Modes and Routines". Da can sunansa Bixby Routines, an canja masa suna a 2022. Wasu ƙananan wayoyin kamfanin ba su da shi, ki bincika a taki. Yadda yake aiki kamar ki ba 'yar aiki umarni ne: idan kaza ya faru, ki yi kaza. Ki buɗe shi, ki taɓa "Routines" a ƙasa, ki taɓa alamar tarawa. Za ki ga gida biyu, "If" a sama, "Then" a ƙasa. Na sama shi ne sharaɗi, na ƙasa shi ne aikin.

Umarnina na farko: a gidan sama na zaɓi "Battery level", na ce ƙasa da 60. A gidan ƙasa na zaɓi "Power saving" ya kunnu. A Samsung wannan yana iya tsayar da gudun injin a kashi 70, ya rage haske da kashi 10, ya kashe agogon nan da ke ci gaba da haskawa bayan an rufe waya, ya kuma mayar da santsin fuska daga 120 zuwa 60. Kwana biyun farko na ji wayar ta ɗan yi nauyi wajen jan hotuna, daga nan ido ya saba. Me ya sa 60? Domin na lura a ranar kasuwa da misalin sha biyun rana nake kaiwa nan, kuma saura awa tara a gabana. Wadda ke da sola a gida, 30 ma ya ishe ta. Wadda sai ta aika shagon caji, ni da ita ce da 75 zan sa.

Na biyu na dare ne. Sharaɗi: daga sha ɗayan dare zuwa biyar na asuba. Aiki: a kashe data, a kashe Bluetooth. Kafin in yi haka, na sha kwanciya da kashi 80 in tashi da 60 da wani abu, saboda gurufan 'yan sari ba sa barci. Akwai na Kwari, akwai na masu kawo kaya daga Legas, kowanne hotuna ɗari-ɗari, wayar na ta saukewa ni ina minshari. A ƙasan kowane umarni akwai wurin da ke cewa idan lokacin ya ƙare a mayar da komai yadda yake. Ki tabbata a kunne yake, shi ne zai dawo miki da data da asuba ba tare da kin taɓa ba. Abu ɗaya za ki kiyaye: WhatsApp yakan yi ajiyar hirarrakinsa da misalin biyun dare, kuma in ba data a lokacin ba zai iya tura ajiyar zuwa Google Drive ba. Ni duk Juma'a nake shiga in danna ajiyar da hannu, domin duk bashin da nake bin mutane a hirarrakin nan yake. Tun da kin shiga WhatsApp ɗin, ki wuce wurin ma'aji da data ki cire saukar hoto da bidiyo kai tsaye. Wannan kaɗai ya rage min caji da data a lokaci guda.

Na uku shi na fi so, kuma ni na ƙirƙiro shi, Injiniya bai nuna min ba. Mai sayar da atamfa ba ta wasa da kala. Idan haske ya yi ƙasa, ruwan toka da ruwan ƙasa sai su rikice miki, ki tura wa mutum abin da ba shi ba. Sai na ce: idan an buɗe kyamara ko ma'ajiyar hotuna, haske ya tashi sama. Da na fita, ya koma ƙasa da kansa. Haka na yi wa manunin wuri, wato lokeshan. A kashe yake wuni, sai na buɗe Google Maps zan kwatanta wa ɗan Adaidaita wani lungu a Rijiyar Zaki ko Hotoro yake kunnuwa. Wasu manhajojin banki ma sukan nemi a kunna shi, sai ki haɗa su a wannan umarnin. Akwai sharaɗin da ke aiki da wuri, misali idan na isa kasuwa a yi kaza. Ban ba ki shawararsa ba, domin sai wayar ta yi ta duba inda kike kafin ta san kin isa, abin da kike tattali shi za ta sha.

Yanzu ga inda na yi ɓarna, ki saurara da kyau. A wurin batir akwai "Background usage limits", inda ake sa manhajoji barci. Barcin iri biyu ne, mai sauƙi da mai nauyi. Wadda aka sa a mai nauyi ba ta motsi sam, ba ta kawo sanarwa, sai kin buɗe ta da hannunki. Ni da daɗi ya ɗebe ni, sai na tattara kusan komai na zuba a mai nauyi, har da manhajar bankina da ta lokutan salla. Kwana biyu caji ya yi ta albarka, ina ta yabon kaina. A na uku na kira wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kayana, na ce, "Hajiya, ina ta jiran saƙon ne har yanzu ban gani ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, ai tun hantsi na tura." Na buɗe manhajar, ga kuɗi zaune tun ƙarfe tara. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma laifina ne, wayar abin da na ce shi ta yi.

Don haka duk wani tsari da za ki yi, a kowace irin waya, ki fara ware waɗanda ke kawo miki abinci da waɗanda ke tashinki salla. Nawa biyar ne: WhatsApp, manhajojin banki biyu, agogon ƙararrawa, da ta lokutan salla. A Samsung akwai jerin waɗanda ba a sa su barci, ki zuba su a can. A sauran wayoyin Android, ki shiga bayanin manhajar, wurin batir, ki zaɓi "Unrestricted". Kada jerin ya yi tsawo, in kin ware ashirin ba ki yi komai ba. Sauran kuwa, wasannin yara, manhajar gyaran hoto, ta sayayyar da kika sauke sau ɗaya kika manta, su yi barcinsu mai nauyi. Ki kuma kunna "Adaptive battery", wanda ya zo tun Android 9 a 2018. Yana lura da manhajojin da kike yawan buɗewa ya takura wa sauran, amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya gane halinki, kada ki yanke masa hukunci ran farko.

Maigidan Tecno Spark yake riƙewa, kuma shi wuni yake a Dawanau cikin rana da ƙura. Tecno da Infinix da itel duk 'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, shi ya sa saitinsu ke kama da juna. A wasunsu wurin batir sunansa "Power Marathon". A ciki akwai tattali na yau da kullum, akwai kuma mai tsanani, "Ultra power saving", wanda ke mayar da wayar kamar 'yar ƙaramar Nokia: kira, tes, da 'yan manhajoji kaɗan da ka zaɓa. Na sa ya zaɓi nasa tun a gida cikin natsuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin Phone Master, manhajar kula da waya da ke zuwa da su, akwai wurin hana manhajoji tashi da kansu, na kashe wa kusan duka ban da WhatsApp da banki. Akwai kuma Freezer, inda ake daskarar da manhaja gaba ɗaya har sai an neme ta.

Da na nemi abu irin na Samsung a tasa ban samu ba, sai Injiniya ya ce mu sauke MacroDroid daga Play Store. Na kyautar yana ba da damar umarni biyar, kuma biyar sun isa. Shi gida uku gare shi: abin da zai tayar da umarnin, aikin da za a yi, da sharaɗin da zai taƙaita shi in ana so. Mun sa idan caji ya sauko 50, haske ya ragu, fuska ta riƙa rufewa bayan daƙiƙa 15, a dakatar da daidaita asusun Google. Idan an jona caja, komai ya dawo. Zai nemi izinin canja saitin waya, ki ba shi. Sannan shi kansa sai an sa shi cikin waɗanda aka ware, in ba haka ba wayar za ta kashe mai gadin nata. Abin da ba zai iya ba kai tsaye shi ne kashe data ko kunna tsarin tattalin wayar, domin sababbin Android sun rufe wa manhajojin waje wannan ƙofar sai an haɗa da kwamfuta an ba da izini na musamman. In wani ya ce bari ya yi wa wayar rutin don wannan, wato ya fasa makullin tsarinta, ki ce a'a. Manhajojin banki da yawa ba sa yarda su buɗe a wayar da aka yi wa haka.

Umarnin da ya fi kowanne amfani a gidanmu ma ba na tattali ba ne. Maigidan yakan bar wayarsa a jone da dare. Sai muka sa idan caja ta fara aiki tsakanin sha ɗayan dare da asuba, wayar ta yi magana. Ya rubuta mata "an kawo wuta". Da yake muryar Baturiya ce ke karantawa, abin da ke fitowa sai wanda ya ji, yara har yau suna kwaikwayonta. Amma tana tashinmu, in jona fawa banki da fitilu, in yi guga, shi ya kunna injin jan ruwa. Sai dai kada a jona kai tsaye a bango. Wuta kan dawo da ƙarfi wani lokaci, mun taɓa asarar caja biyu a dare ɗaya. Ki bi ta sitabilaiza ko soket mai kariya.

Ƙanwata da ke karatu a BUK iPhone 11 gare ta 'yar Landan, lafiyar batirin ta sauko 79, ga ta da son hoto. Ta zo hutu tana cewa, "Yaya, ni fa tawa ba a yi mata irin wannan, sai dai ta tambaye ni a 20." Ana yi. A iPhone tsarin sunansa "Low Power Mode", shi ne ke mayar da alamar batir ruwan ɗorawa, kuma gaskiya ne da kansa sai a kashi 20 da 10 yake tambaya. Amma tun 2020 manhajar Shortcuts, wadda ke zuwa da wayar, ta samu damar aiki da yawan caji. Ki buɗe ta, ki taɓa "Automation", ki ƙara sabo, ki gangara zuwa "Battery Level", ki ja layin zuwa 60 ko inda kike so, ki zaɓi "Falls Below". Sai ki zaɓi "Run Immediately" don kada ta tsaya tambayarki. A tsofaffin wayoyi maɓallin "Ask Before Running" ne za ki kashe. Daga nan ki nemo aikin "Set Low Power Mode" ki bar shi a kunne. Wani hali na iPhone shi ne da caji ya kai 80 take kashe tattalin da kanta. Ga mai batir irin na ƙanwata, sai muka ƙara umarni na biyu: da zarar an zare caja, tattali ya kunnu. Yanzu wuni take a haka.

Redmi kuwa a cikin wurin tattalin batirinta akwai tsara lokacin farawa da na gamawa, akwai kuma kashe data bayan an rufe waya da wasu mintuna. Na biyun nan mai jiran saƙon kwastoma ta bar shi.

Mutane na yawan tambayata baƙar fuska, wato mayar da bangon waya baƙi. Tana rage shan caji, amma a fuska irin AMOLED kawai, kamar tawa, domin a irinta duk inda yake baƙi fitilar wurin a kashe take. Fuskar LCD, irin ta maigidan da ta iPhone 11, fitila ɗaya ce a baya tana ci ko bango baƙi ne ko fari. Shi rage haske ne maganinsa. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne sabis. Idan kin shige can cikin gidajen Kwari inda sanda ɗaya ke lilo, wayar ƙara ƙarfi take yi tana neman turken sadarwa, har ki ji ta yi ɗumi a jaka ba ki taɓa ta ba. Layi biyu, wahala biyu. Tun 2022 aka fara 5G a Kano, amma ba ko'ina ya kai ba, kuma wayar da ke ta tsalle tsakaninsa da 4G caji take sha. Ni na tsayar da tawa a 4G, ban ga abin da na rasa ba wajen tura hoton leshi.

Akwai kashe waya da kunna ta bisa lokaci, Tecno da Infinix da Redmi duk suna da shi. Yana aiki, babu abin da ya kai waya a kashe tattali. Ni dai ban sa ba. Surukata ta manyanta, a Gwale take, in wani abu ya taso da dare mu za a fara nema. Kashe data ya ishe ni, kira na shigowa. In za ki sa, ki sa ta kunnu kafin lokacin ƙararrawarki, musamman da azumi, kada ki dogara cewa za ta tashe ki sahur tana kashe.

Sai maganar tsayar da caji a 80. Batirin waya na yanzu, na lithium, ya fi daɗewa idan ba a yawan cika shi taf ko a bar shi ya ƙare ƙaf. Shi ya sa Samsung ta sa kariyar batir da ke tsayawa a 85, daga baya 80, iPhone 15 zuwa sama ma suna da iyakar 80. Injiniya ya dage in kunna. A nan muka saɓa. Wanda ke da wuta a shago ko sola a gida, ya kunna, shawara ce mai kyau. Ni da awa 15 ke gabana, ba zan bar kashi 20 a bango don batir ya ƙara wasu watanni ba. Haka tsarin nan da ke koyon lokacin tashinki ya jinkirta cika caji sai dab da asuba: an gina shi ne a kan wuta za ta kai asubar. In aka ɗauke ƙarfe uku, a 80 za ki tashi. Na kashe shi.

Abin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne zafi. Apple da kansa ya ce wayarsa daga digiri 0 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki, mu kuwa a Afrilu Kano kan kai 40. Zafi na cin batir ci na dindindin, ba ya dawowa. Kada ki yi caji a ƙarƙashin filo, kada ki bar ta a gaban mota, ki cire mata riga in tana caji da rana, kada kuma a ba yara su yi wasa tana jone. In za ki kai shagon caji, ki kashe ta gaba ɗaya kafin ki miƙa. Ta fi saurin cika, ba ta ɗaukar zafi a cikin tarin wayoyin nan, kuma ba mai leƙa miki saƙo. In kika ga bayan waya ya fara kumbura ko fuska na ɗagowa, wannan ya wuce saiti, ki daina jonawa ki kai wa mai gyara a ranar.

Manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roket da ke cewa za su ƙara wa batir ƙarfi, ki goge su. Talla suke nuna miki, tallar kuma caji da data take ci. Tun Android 14 ma an hana manhaja kashe wata a bayan fage, to me ya rage musu? Haka share duk manhajojin da ke buɗe kowane minti biyar, al'adar da ni ma na daɗe ina yi. Tayar da WhatsApp daga farko sau hamsin a wuni ya fi barinsa a kwance tsada. Fawa banki kuma ki rage masa buri. Mai 20,000 mAh ba zai cika wayar 5,000 sau huɗu ba, wani kaso na tafiya wajen juya wutar, in ya yi sau biyu da rabi ya yi ƙoƙari.

Bayan mako guda ki koma wurin batir ki sake duba jerin, ki ga da nawa kike isa lokacin cajinki. In kina isa da 40, kin matsa wa kanki da yawa, ki sauko da adadin. In kina isa da 5, ki ɗaga shi. Ni na fara da 50, na koma 60, da bikin salla ya matso oda ta yi yawa na kai shi 70, bayan salla na dawo da shi. Yanzu yawanci da ashirin da wani abu nake jin maigidan ya ja igiyar inji. Duk da haka akwai 'yar ƙaramar itel mai tocila a aljihun jakata, da layin da tes ɗin banki ke shigowa. Ita sau biyu a mako nake mata caji, ranar Litinin da ranar Alhamis.